Tabarmar Kwaɗi ta Inna Kulu

Unguwar Gawo, Sandamu
4 ga Maris, 2002

Fadila, kakarki ta yi magana!

Na san ba da haka ake fara wasiƙa ba. Da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci yana da rai, da ya sa na sake takarda. To, assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen da kike zaune cikinsu a can Ogoja, da yaran da kike koyarwa. Allah ya sa ki gama bautar ƙasar nan lafiya. Mu muna nan ƙalau, sai zafi da ya fara shigowa. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta.

Kin san tun bayan ƙaramar salla, da ɓarin jikinta na dama ya shanye, kakarki ba ta ce uffan ba. Ranar Laraba Talatu matar kawunki Sabiru ta fito da adakarta don ta shanya zannuwa. A can ƙasa ta tarar da wani ɗan ƙulli a tsumman saƙi. Ta ce, "Baba, wannan kuma mene ne, ko masoro ne tun na zamanin da?" Ta kwance shi a gaban gadon. Sai kakarki ta ɗaga hannun hagu ta ce, "Tabki." Ina bakin ƙofa ina tufkar igiya. Na ce, "Me kika ce?" Ta sake cewa, "Tabki." Daga nan ba ta ƙara ba, amma mu biyu muka ji, ba kunnena ne ya yaudare ni ba.

Bari in gaya miki ko wane tabki ne, don ke ba ki riske shi ba. Yana arewa da Zango, inda rugar mahaifinta take. Da damina akwai wata ciyawa da ke rufe bakinsa, ganye huɗu a kan sili ɗaya, a shimfiɗe bisa ruwa, kowane ganye bai kai farcen babban yatsa ba. Ita tana kiranta tabarmar kwaɗi. Ban sani ba ko sunanta ke nan a wajen kowa, ko 'yan matan rugarsu ne suka raɗa mata. Da rani tabkin yakan bushe ya tsattsage, shanu su bi ta kansa safe da yamma zuwa rijiya, su tattake shi har ya zama gari. Sai ki rantse babu mai rai a wurin. Amma da ruwan sama ya zuba sai ciyawar ta dawo. A bakin tabkin nan na fara ganinta, ina kora jaki zuwa kasuwar Zango, tana wanke ƙorai, ciyawar ta naɗe mata ƙafa. Bayan shekarun fari tabkin ya mutu, rairayi ya binne shi. Yanzu gonar gyaɗar wani ce.

Abin da ke cikin ƙullin 'ya'yan ciyawar ne. Ina jin ta tsinto su ne da ta je ta'aziyyar mahaifiyarta, shekara goma sha takwas ke nan, kuma ba ta taɓa gaya mini ba. Na ƙirga su, talatin da uku, kamar zagaye ɗaya na carbi. Huɗu na ga sun ɓantare, na watsa wa kaji. Sauran lafiyayyu ne, masu tauri kamar tsakuwa.

Ga abin da na ƙudura. Akwai ramin da muka ɗebi ƙasar gyaran katanga, bayan ɗakinta. Zan dama laka in daɓe shi, in riƙa zuba ruwan rijiya, in shuka su. Ina so ta ga ciyawar nan da idonta tun tana da ikon gani. Tunda ke kika karanci tsirrai a jami'a, na sa miki ƙwaya ɗaya a cikin 'yar takarda, kuma na zana ganyen a baya. Kada ki yi dariyar zanen. Ina da shekara hamsin na fara riƙe fensir.

Kakanki,
Mainasara

Ogoja
27 ga Maris, 2002

Zuwa ga Kaka,

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ina lafiya, sai kewar gida da kewar tuwon gero. A gaida Inna Kulu, a riƙe mata hannu a ce ni ce. A gaida Kawu Sabiru da Talatu, Allah ya saka mata da alheri a kan jinyar nan. Na karanta layin farko na wasiƙarka a tsaye a ƙofar ofishin makaranta, sai da na nemi wuri na zauna.

Zanen kuwa na yi dariya, ba zan ɓoye ba, don ya fi kama da tafin kare. Amma na gane ciyawar. Mun karanta ta, akwai ta a tafkunan da ke bushewa da rani. Ga abin da nake so ka karanta a tsanake, ko da sau biyu ne.

Wannan tsiro ba ya fure, kuma ba ya yin iri kamar gero ko wake. Abin da ke hannunka ba ƙwaya ba ce. Wani ɗan gida ne mai tauri, abin da ke da rai yana ciki, ƙanana ƙwarai kamar gari. Ruwa ba ya ratsa bangonsa. Shi ya sa zai yi shekaru masu yawa bai mutu ba, kuma shi ya sa ba zai tsiro ba sai an ji masa ciwo. Ka goga gefensa a jikin dutsen niƙa, a hankali, har sai ka ga fari ya leƙo. Sannan ka sa shi a kasko mai laka da ruwa kaɗan, wanda bai wuce gaɓar yatsa ba. Kada ka binne shi. Ka fara da biyu ko uku, ka ajiye saura.

A littafi na karanta, ban taɓa yi da hannuna ba, gaskiya ke nan. Idan ka ba ni izini zan gwada da wanda ka aiko. Ban taɓa shi ba tukuna, don na Inna ne.

Ka kuma lura da sauro idan ruwa ya kwanta kusa da ɗakinta. A ɗaura mata gidan sauro.

Jikarka,
Fadila

Unguwar Gawo
18 ga Afrilu, 2002

Fadila,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso ta hannun Mati direba, wanda ke ɗauko mana wasiƙu daga Daura. Na ji daɗin jin lafiyarki. Nan zafi ya kai maƙura, rijiya ta ja baya, sai da muka ƙara igiya. Gidan sauro an ɗaura.

Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce, na ƙara na uku. Ban yarda ba. Shekara sittin ina zaɓen iri. Ubana ya koya mini in baza shi a faifai, in cire wanda ƙwaro ya huda, in cire wanda ya tsage, mai kyau shi ke shiga ƙasa. Irin da ya fashe na kaji ne. Yanzu ki ce in ɗauki abin da kakarki ta ɓoye shekara goma sha takwas in goga a dutse da hannuna? Wanda ya rubuta littafin nan, ya taɓa noma kuwa? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wanda ke wajenki ma ki bar shi yadda yake.

Ramin ya yi kyau. Na daɓe shi da lakar fadama, yana riƙe ruwa. Na kewaye shi da ƙaya mai kauri, ko ɗan akuya ba zai shiga ba. Na zaɓi goma mafi ƙiba na shuka, na yi bisimilla a kan kowanne.

Kalilu maƙwabcinmu ya zo. Kin san yana cikin masu lura da unguwa tun da aka ƙaddamar da shari'a. Ya yi ta gaisuwa har na gaji da amsawa, sannan ya ce, "Baba, ana ta magana. An ce an tono ƙulli a gidanka, kuma kana binne shi a rami kana tofi." Na ce, "Kalilu, ni na yanka ragon sunanka. Buɗe hannunka." Na zuba masa biyu a tafi. Ya juya su, ya shinshina, ya ce, "Wannan ai kashin ɓera ne." Na ce, "To je ka gaya musu tsoho yana noman kashin ɓera, ko shi ma an hana?" Ya yi dariya, ya mayar mini da su, ya ba ni haƙuri. Kafin ya tafi sai da ya ja mini guga shida.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ranar Juma'a na kai wa kakarki sauran a faifai don ta gani ta ji daɗi. Ta miƙa hannun hagu ta ɗauki ɗaya. Kafin in ankara ta jefa shi a baki, ta tura shi gefen da take da sauran turamen haƙori, tana ciza. Na tsorata kada ya shaƙe ta. Na sa yatsa zan ciro, ta cije ni har jini. Na ce, "Kulu." Shekara hamsin da aurenmu ban taɓa kiran sunanta a gabanta ba sai ranar. Na ciro shi, haƙori ya riga ya tsaga shi, na jefar bayan katanga. Ta sake miƙa hannu, na janye faifan. Sai ta yi wani kuka mara sauti, ta juya fuska ga bango.

Ina jin ciwon ya fara taɓa mata hankali, ba ta bambance abinci da abin da ba abinci ba. Na kai ƙullin rumbu na ɓoye. Ki sa ta a addu'a.

Kakanki,
Mainasara

Unguwar Gawo
21 ga Yuni, 2002

Fadila,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Wata biyu ke nan ban ga rubutunki ba. Duk ranar kasuwa ina tsayawa bakin hanya, Mati ya ɗaga mini hannu ya ce babu. Idan maganar rimi ce ta ɓata miki rai, ki yafe wa tsoho. Tsakanin kaka da jika ba a riƙo. Idan kuma rashin lafiya ne, ki sa wani ya rubuto ko layi biyu.

Ruwa ya sauka, mun yi shuka, gero ya kai idon sawu. Ramin ya cika da ruwan sama. Kwaɗi sun zo, tabarmarsu ba ta zo ba. Goman farko ko alama babu. Na ce ƙila ruwan rijiya ne bai karɓe su ba, da aka yi ruwan farko na ƙara goma. Yau kwana ashirin da uku, shiru. Jiya na sa hannu a lakar na lalubo ɗaya. Yana nan yadda na sa shi, bai kumbura ba, bai ruɓe ba, kamar ba a ruwa ya kwana ba.

Kakarki ta daina karɓar abinci daga hannuna. Sai Talatu ta ba ta, shi ma cokali uku ko huɗu. Idan na shiga ɗakin sai ta rufe ido. Ƙafafunta sun fara kumbura. Sabiru ya kawo malamin asibiti ya duba ta, ya ja ni waje ya ce zuciyarta ta gaji. Ban gaya wa babanki duka ba, ke nake gaya wa.

Saura bakwai. Na yi niyya, idan aka yi ruwa mai ƙarfi nan gaba, in zuba su duka lokaci ɗaya in bar wa Allah. Ajiyarsu ba ta da amfani idan mai su ta tafi.

Kakanki,
Mainasara

Ogoja
12 ga Mayu, 2002

Kaka,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. A gaida kowa da kowa. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, ina so wannan ta bi motar gobe.

Na saɓa maka. Bayan na karanta abin da ya faru ranar Juma'ar nan, na ɗauko wanda ka aiko, na goga shi a dakalin aji har fari ya leƙo, na sa a murfin kwano da ruwa. Kafin in gama darasi ɗaya ya buɗe baki. Wani abu ya fito daga ciki kamar farar tsutsa, mai yauƙi kamar kuɓewa, ya fi shi tsawo sau goma. Yana da rai, Kaka. Shekara goma sha takwas, kuma yana da rai. Idan ka ga tsutsar nan kada ka zubar, ba ruɓa ba ce, ita ke ɗauke da abin da zai tsiro.

Inna ba ta rasa hankalinta ba. Ba ci take so ta yi ba. Fasa shi take yi. Hannu ɗaya gare ta, ba ta da baki, haƙori kaɗai ya rage mata da za ta nuna maka.

Ka bar littafina, ka koma wasiƙarka ta farko. Kai da kanka ka rubuta mini cewa da rani shanu suna bi ta kan tabkin safe da yamma har ya zama gari. Kai manomi ne, ka ga ɓarna. Ita 'yar makiyaya ce, ta tashi tana ganin abin da ke fitowa a sawun kofato. Ni a takarda na gani. Ita ta sani tun kafin a haifi wanda ya rubuta takardar.

Don Allah kada ka ƙara shuka ko ɗaya a rufe. Ka fito da ƙullin daga rumbu ka mayar mata. Ka kai mata dutse, ka tambaye ta. Ko ba ta yi magana ba za ta amsa.

Maganar rimi kuwa, na hau na duba, abin da na hango tsoho ne mai taurin kai yana gadin rami da ƙaya. Ina son tsohon nan. Ya taimake ni ya ji magana sau ɗaya.

Jikarka,
Fadila

Unguwar Gawo
9 ga Yuli, 2002

Fadila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina neman gafararki. Takardarki ta sha biyu ga Mayu sai shekaranjiya ta shigo hannuna. Ta faɗa bayan kujerar motar Mati, sai da ya kai motar gyara aka gan ta, duk ta sha baƙin mai. Ya kawo da kansa yana ta rantsuwa. Ranar hadari ya haɗu a gabas, kuma na riga na sauko da ƙullin daga rumbu yana aljihuna. Da motar nan ta ƙara kwana ɗaya ba ta lalace ba, da yanzu babu abin da zan rubuta miki.

Na karanta a gindin gawo. Da na zo inda kika ce haƙori kaɗai ya rage mata, sai na kasa ci gaba. Wata uku ina kallon matata ina cewa hankalinta ya tafi, ashe ni take kallo tana faɗin haka a ranta.

Na ɗauki ɗan dutsen niƙa na shiga ɗakin. Ta rufe ido kamar kullum. Na durƙusa a ƙasa, na kwance ƙullin a kan zaninta, na ce, "Ga kayanki. Ni ne ban gane ba. Nuna mini." Ta daɗe ba ta buɗe ido ba. Talatu tana bakin ƙofa ta ce, "Inna, ki tausaya masa, tun ɗazu yake durƙushe, gwiwar nan ba za ta tashi ba." Sai ta buɗe. Ta ɗauki ɗaya ta ɗora a kan dutsen, ta kama yatsana, wanda ta ciza, ta danna a kai.

Na farko na danna da ƙarfi, na murƙushe shi. Ta yi tsaki. Wata bakwai ban ji tsakin nan ba, kuma ban taɓa zaton zan yi marmarinsa ba. Na biyu na bi a hankali har fari ya leƙo. Muka yi uku, muka ajiye uku. Na sa a kasko da laka da ruwa gaɓar yatsa, na ajiye a bakin ƙofarta inda rana ke shiga.

Kafin la'asar tsutsar da kika faɗa ta fito a biyu daga ciki. Talatu ta ce, "Baba, wallahi da a tukunyata na ga wannan, da na zubar da miyar." Na karkato kaskon kakarki ta gani. Ta kalla ta kalla. Da yamma na kawo kunu, ta sha daga hannuna, rabin kofi.

Ban san ko zai wuce nan ba. Kumburin ƙafa yana nan. Amma dai na rubuto ki sani.

Kakanki,
Mainasara

Ogoja
29 ga Yuli, 2002

Kaka,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Wasiƙunka biyu sun iso a mako ɗaya. Na fara buɗe ta Yuni, na kasa cin abinci, sai da wata abokiyar aikina ta ce in buɗe ɗayar tukuna kafin in yi kuka. Babu abin yafewa. Ka gaida Inna, ka ce mata na ji labarin tsakin.

Nawa da ke murfin kwano bai rayu ba. Na tafi taron masu bautar ƙasa kwana uku, na dawo na tarar ya bushe. Saboda haka yanzu naka ne kaɗai. Idan ya yi ƙarfi ya fara rarrafe a lakar, ka ɗauke shi da lakarsa ka kai bakin ramin, wajen da ruwa bai da zurfi.

Na nemi izinin zuwa gida, an ce sai an yi hutun makaranta a watan gobe. Ka rubuto mini gaskiyar halin da take ciki, kada ka rage komai.

Jikarka,
Fadila

Unguwar Gawo
26 ga Agusta, 2002

Fadila,

Assalamu alaikum. Wannan karon na fara da sallama, don kada ki ce tsoho bai koyi komai ba. Ina gaishe ki. Muna lafiya, gero ya fitar da kai, wake ya yi yaɗo. To, ta fito. Ganye huɗu.

Saura kaɗan in kashe ta da hannuna. Kwana goma bayan mun fasa, sai na ga wasu siraran tsirrai a kaskon, kamar allura, babu ganye huɗu, babu ko biyu. Na ce ciyawar fadama ce ta biyo laka, za ta cinye abincin irin. Kin san manomi da ciyawa. Na tsuguna na kama ɗaya da farce. Sai na ji daga kan gado an ce, "Bari." Da ƙarfi, kamar da can idan na kai hannu tukunya kafin a sauke. Na bari. Bayan mako guda kan allurar ya faɗaɗa. Wanda ya biyo baya ya zo da ganye biyu. Ranar Asabar ta makon jiya na fito sallar asuba, da gari ya waye na duba, ga huɗu a kan sili ɗaya, a kwance bisa ruwa, yadda na gan su shekara hamsin da suka wuce.

Na mayar da ita bakin ramin da lakarta kamar yadda kika ce. Ta kama, tana rarrafe. Yau na ƙirga sili goma sha tara. Da magariba ganyen suna haɗe kansu su rufe, da safe su buɗe. Wannan na manta da shi sam, sai da na sake gani.

Jiya da hantsi ni da Sabiru muka ɗauko kakarki a tabarma muka kai ta bakin ramin. Ba ta da nauyi yanzu, Fadila. Kin ce kada in rage komai, to ban rage ba. Kumburin ya kai gwiwa, numfashinta yana yin sama idan ta kwanta. Na sare ƙayar gefe ɗaya don ta samu wuri. Ta sa hannun hagu a ruwan, ta bar shi a ƙarƙashin ganyen, ta daɗe a haka. Wani ɗan kwaɗo ya haye kai ya zauna. Talatu ta ce, "Ga mai tabarma ya zo karɓar kayansa." Kakarki ta yi dariya da rabin bakin da ya rage mata.

Can ta ɗago ta dubi sauran ƙayar da na kewaye ramin da ita, ta dube ni, ta ce, "Shanu."

Wannan karon ban tambaye ta me ta ce ba. Guda ashirin suna nan kwance a lakar nan, lafiyayyu, waɗanda na zaɓa da hannuna. Idan an gama girbi ba zan ƙara zuba ruwa ba. Zan bar ramin ya bushe ya tsage, in kwashe ƙayar duka, in fasa katangar baya, in aika wa Suhaibu ɗan ƙanenta ya koro shanunsa su tattake. Shekara sittin ina korar shanu daga abin da na shuka. Bana ni zan je in roƙe su. Ko za ta ga abin da zai fito baɗi, Allah ne ya sani. Na bana dai ta gani.

Na sa Sabiru ya rubuta wa babanki a Kaduna. Na aika Zango wajen danginta. Na gaya wa Kalilu ya zo ya ga abin da kashin ɓera ya haifa, ya taho da duk masu maganar. Ke ma da an yi hutu ki kamo hanya, kada ki tsaya sayen tsaraba. Ki gaya wa duk wanda kika haɗu da shi a mota, idan yana so ya biyo ki, ƙofa a buɗe take. Gani ya kori ji.

Ku zo ku gani tun da sauran ruwa a ramin, tun mai ita tana iya nuna muku da hannunta. Ku iso da rana. Kada ku kai magariba, don da magariba rufewa take yi.

Kakanki,
Mainasara